Tabon da Ya Gagari Baba Fes

Shekara talatin da ɗaya yana wanki da guga a shago ɗaya, a ƙasan wani bene, tela a damansa mai kemis a hagunsa, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kawo masa tabon da ya gagare shi ba. Baƙin mai, tawadar biro, jini, tsatsa, jan-baki a wuyan rigar mutumin da ya rantse wa matarsa taro ya je, duk sun shiga bahonsa sun fito ba labari. In zai miƙa maka kayanka kalma ɗaya yake faɗa: "Fes." Tun ana tsokanarsa da ita har ta zama sunansa, yaran layin ma Baba Fes suka san shi. Ba shi da mota, ba shi da gidan kansa, amma yana da wannan sunan, kuma wallahi yana ji da shi fiye da yadda masu mota ke ji da motocinsu.

Mai wanki ba ya buƙatar rediyo kafin ya san abin da gari ke yayi. Shekarar da aka ce koren garin ganye shi ne lafiya, a gaban riguna Fes ya gan ta. Shekarar kurkum kuwa duk bakin hannun riga ya koma rawaya. Akwai shekarar wani ƙaramin iri da ake jiƙawa ya kumbura a sha da cokali. Wannan ya maƙale a aljihun wandon wani ma'aikaci, Fes ya wanke ya shanya, ruwan sama ya hana wandon bushewa kwana uku, a na huɗu ya tarar aljihun ya tsiro. Kowane yayi yakan zo da zafinsa, ya yi wata biyar ko shida, ya tafi ya bar mutane da ciwon bayansu yadda ya same su.

Bana kuma sai ga wani tabo, ja ba ja ba, baƙi ba baƙi ba. Tushensa yana tsallaken titi, inda wani mutum mai farar kwat ya kafa tebur da lema da lasifika, ya jera kwalabe. Ba wanda ya san asibitin da ya taɓa aiki, amma kwat ɗin ta isa a kira shi Dokta. Abin da ke cikin kwalaben ruwan wasu ƙananan 'ya'yan itace ne da ake ce wa beri, wai a ƙasashen ƙanƙara suke fitowa.

"Jama'a, ƙarfe yana tsatsa ko ba ya yi?" haka yake farawa kullum. "To jikin ɗan Adam ma yana yi! Gwiwar nan da take ƙara in za ka tashi, tsatsa ce. Mantuwa tsatsa ce. Furfura tsatsa ce da ta rasa wuri a ciki ta leƙo waje. Wannan ruwan cike yake da antioksida, ma'ana mai kankare tsatsa!"

Daga nan sai ya ɗiga ruwan a farin hankici ya ɗaga sama. "Ku duba da idonku. Hajiya, tafi da shi gida ki wanke, ki ga in zai fita. To abin da ya kama yadi haka, ina ga ya shiga jini?"

A yi adalci, lemon yana da daɗi. Mai kemis ma, mace mai tabarau da gajeren haƙuri, ta ce ruwan 'ya'yan itace ne, yana da amfani kamar sauran 'ya'yan itace, mai so ya sha, amma ba magani ba ne. Sai dai ita ba ta da lasifika.

Masifar ta fara ne daga wata malamar makaranta da ta kawo farar rigarta wanki, lemon ya zube mata a ƙirji. Fes ya duba tabon ya yi murmushi. Ya ɗaure yadin a bakin bokiti ya miƙe tam, ya matsa lemon tsami, ya ɗaga butar tafasasshen ruwa sama da kansa ya saki ruwan siriri daga can. Tabon ya dushe, ya gudu. Washegari ya miƙa mata rigar a goge.

"Fes," in ji shi.

Malamar ta juya rigar gaba da baya, fuskarta ta canja. "Ya fita?"

"Ya fita mana."

"Duka?"

"Malama, ko wurin ba za ki gane ba."

"Na shiga uku," ta ce. "Jabu aka sayar min!"

Ta tsallaka titi da rigar a hannu, ko godiya babu. Fes yana tsaye da baki buɗe yana jin ta tana wanke Dokta tas ba sabulu. Ai shi ya ce na gaskiya ba ya fita. To ga shi ya fita.

Kafin mako ya zagayo shagon wanki ya zama wurin gwaji. Duk wanda ya sayi kwalba sai ya ɗiga a ƙyalle ya kawo wa Fes. In tabon ya tsaya, lemon na ainihi ne. In ya fita, an cuce shi. Tela, da ba a barinsa a baya, ya yanka fararen ƙyallaye daidai tafin hannu ya ajiye a bakin ƙofa yana sayarwa masu layi. Masu sayar da lemon kuwa daga ɗaya suka zama shida, kowa na cewa na ɗan'uwansa ne jabu. Suka shiga ƙara wa ruwan kauri da duhu, Allah kaɗai ya san da me, har leɓunan rabin mutanen layin suka yi baƙi. Wani ya rubuta a kwalbarsa: Sabon Haɗi, Ya Fi Ƙarfin Fes. Wani ya sa an zana Fes ɗin kansa zaune a kan baho yana kuka.

Gaskiya abin ya yi masa daɗi da farko. Mutumin da ya shekara talatin ana jefa masa kaya ba a kallon fuskarsa, yau ga masu kwat da jaka suna tsaye a rana suna jiran hukuncinsa. Yakan ɗaga butar nan a hankali, jama'a su yi tsit, ya saki ruwa, tabo ya gudu, a sa salati, mai ƙyalle ya dafe kai. Har na mai zanen kuka sai da ya fitar, ya aika masa da ƙyallen a goge, a ninke huɗu.

Daɗin ya ƙare ne a kan Yayansa.

Yaya ya girme shi da shekara goma sha biyu. Da mahaifinsu ya rasu shi ya riƙe shi, shi ya saya masa dutsen gugarsa na farko, shi ya tsaya masa aka ba shi hayar shagon. Tsohon mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa, dogon mutum mai tafiya a miƙe, wanda har bayan ya yi ritaya in ka ba shi labari sai ya dube ka kamar ka shigo ba tikiti. Duk Litinin yakan kawo ƙunshin wankinsa da kansa, ya zauna a bencin ƙofar shago ya yi awa ɗaya yana gyara wa duniya zama. Fes, mai shekara hamsin da uku da furfura a gemu, yakan tsaya da guga a hannu yana cewa, "Haka ne, Yaya." Litinin ita ce ranar da ya fi so a mako, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekara shida ke nan Yaya yana fama da hawan jini, yana shan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Fes ya san haka ba don an gaya masa ba. Dokarsa ce ba ya tsoma riga a ruwa sai ya lalube aljihunta, kuma a aljihun ƙirjin Yaya kullum yakan sami ɓawon katin ƙwayar, an ɓalle shi tas. Sai aka yi Litinin uku a jere bai samu ba. Abin da ya samu shi ne tabon beri a gaban kowace riga.

Ya daɗe yana juya maganar a baki kafin ya fito da ita, don ƙane ba ya tuhumar wa. "Yaya, ƙwayar nan taka, an canja maka ita ne?"

"Na sallame ta."

"Likita ne ya ce?"

"Likitan da na girmi ubansa?" Yaya ya gyara zama. "Kai, saurara. Shekara shida ina haɗiyar abin nan. Ka taɓa ganin alamarta a jikina? Ko kalar harshena ba ta taɓa canjawa ba. Ta shiga, shiru, kamar ɓarawo. Ni shekara talatin na yi ina duba tikiti, kuma tikitin da ba a huda ba ban san shi ba. Amma dubi wannan." Ya zaro harshe, ga shi nan baƙi ƙirin kamar na akuya. "Ka ga shaida? Wannan ya shiga, ya sa hannu."

"Amma mai kemis ta ce..."

"Mai kemis ƙwaya take sayarwa, me kake so ta ce? Wanke min rigar nan mu ga ingancin nawa."

Fes ya ji sanyi a ransa, don a ganinsa abu ya zo da sauƙi. In ya fitar da tabon, Yaya zai ga jabu ne, ya watsar ya koma ga ƙwayarsa. Ya ɗaure yadin, ya ɗaga buta, ya saki ruwa, tabon ya tafi.

Yaya ya ɗaga rigar a hasken rana ya daɗe yana dubawa. "Allah ya yi maka albarka, ƙanena," ya ce. "Ka cece ni daga hannun macuta." Ya tashi ya tsallaka titi ya sayi na mutum na biyu.

Litinin ta gaba Fes ya fitar da na biyun. Yaya ya sa masa albarka ya koma na uku. Da na uku ya faɗi, ya shiga mota har wata unguwa inda aka ce akwai mai haɗa wanda cokali ke tsayawa a cikinsa. Wannan ya ɗan ba Fes wahala, sai da ya jiƙa shi kwana guda, kuma yana cikin cuɗawa ne abin ya faɗo masa a rai, har ya saki rigar a baho ya zauna. Duk rigar da ya mayar fara, shi ne yake tura Yaya gaba. In kuwa ya bar tabon da gangan ya ce ya gagare shi, Yaya ya sami na ainihi ke nan, ya rabu da ƙwaya har abada. Ya wanke, bai tsira ba. Ya bari, bai tsira ba. Bai taɓa jin haushin hannunsa ba sai ranar.

A ƙunshin mako na biyar ya ga abin da ya tsinka masa zuciya. A rigar matashin kai, a gefen tabon lemo, akwai wani tabon daban, ƙarami, ruwan ƙasa, gefensa ya bushe ya yi tauri. Wani zai ce duk ɗaya ne. Fes kuwa ko a mafarki ya san jini.

Da hantsi sai ga matar Yaya ta zo da kanta. Mace ce mai barkwanci, wadda kullum in ta gan shi sai ta ce, "Mijina, yaushe za ka wanke wannan fuskar taka ta yi fes?" Yau ko gaisuwar kirki ba ta iya yi ba. Ta zauna a bencin Yaya ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Haɓo ya yi shekaranjiya," ta ce. "Jiya kuma ya tashi zai shiga banɗaki, jiri ya kwashe shi, ba don bango ba da sai ƙasa. Ƙeyarsa na sara kamar ana buga guduma. Na ce mu je asibiti, ka san abin da ya ce min?"

"Me ya ce?"

"Wai tsatsa ce take fita."

Mai kemis, da ke tsaye a ƙofarta tana ji, ta cire tabarau. "Ku kawo shi in auna shi yau ɗin nan. Irin wannan ba ya sallama, yana tsaye zai zube. In an yi sa'a rabin jiki ne zai tafi."

"Wa zai kawo shi?" in ji matar Yaya. "Na yi magana har bakina ya gaji. 'Ya'yansa sun bugo waya ya kashe. Kai ma ba jin maganarka yake ba, kada ka ruɗi kanka. Duk duniya yanzu abu ɗaya yake saurara, bahon nan naka."

Ta tashi za ta tafi, ya tambaye ta ko ƙwayoyin suna nan. Ta buga jakarta. Ta ce tun ranar da ya jefa su a kwandon shara ta tsince su, kullum suna tare da ita, ta rasa ta inda za ta sa su a bakinsa.

Bayan tafiyarta Fes ya tura ƙofar shago rabi, ya tsaya yana kallon kantar da yake ajiye kayan aiki: sabulu, bula, sitaci, ruwan bilic. A can ƙarshe akwai wata 'yar kwalba ta tawadar alama, wadda yake ɗiga wa kowane kaya a cikin wuya don kada na wani ya shiga na wani. An yi ta ne don kada ta fita. Shi ya fi kowa sanin haka, don ya taɓa gwada ta sau biyu a kan tsumma, don neman magana kawai, ta ba shi kunya a ɓoye.

Ya buɗe ƙunshin Yaya ya zaro rigar da ta fi kowace, farar nan mai kauri da aka ɗinka masa ranar bikin ritayarsa. Shekara takwas Fes yana wanke ta da hannunsa, ko zare ɗaya bai taɓa tashi ba. Ya shimfiɗa ta a tebur, ya buɗe aljihun ƙirji, ya karkata kwalbar. Tawadar ta bi yadin ta bazu kamar faɗin tafin hannu, ya jira ta sha, sannan ya ɗauko dutsen guga da zafinsa ya danna a kai don ta zauna daram. Ƙamshin yadi mai zafi ya tashi. Ji ya yi kamar a fatarsa ya ɗora dutsen, har ƙwalla ta cika masa ido, ya share da gefen hannu yana jin haushin kansa.

Ya tsoma rigar a ruwa, ya matse, ya fito ya shanya ta a igiyar gaban shago, inda duk mai wucewa zai gani. Sannan ya kifa bokiti ya zauna a ƙarƙashinta ya sunkuyar da kai.

Tela ne ya fara leƙowa. Ya dubi rigar, ya dubi Fes, ya sake duban rigar. "Baba Fes, lafiya? Ba ka gama da wannan ba ne?"

Fes ya amsa bai ɗago kai ba. "Ya gagare ni."

"Me ka ce?"

"Na ce ya gagare ni."

Tela ya saki almakashi ya ruga titi ko takalmi babu. Kafin a jima gaban shagon ya cika, har motoci na tsayawa. Masu lemo duk shida suka zo a guje, kowa na rantsuwa nasa ne. Dokta ya taho da lasifikarsa yana ture mutane, yana cewa dama ya faɗa, gaskiya ba ta ɓuya, a matsa a ɗauke shi hoto da rigar.

Fes ya miƙe. "Ba lemon kowa ba ne," ya ce. "Ƙwaya ce. Ƙwayar hawan jini ta Yayana. Wata tsohuwar ƙwaya ce ta maƙale a ɗinkin aljihu, ban lalube da kyau ba, na tsoma a ruwa ta narke."

Laifi biyu ke nan ya ɗora wa kansa a numfashi ɗaya, ga sakaci ga gazawa, kuma yana ganin yadda kowanne ya sauka a fuskokin mutane.

"Ƙarya ne!" in ji Dokta. "A gwada a gabanmu!"

Aka gwada. Fes ya ɗaure yadin a bakin bokiti, ya matsa lemon tsami, ya ɗaga buta har sai da ya yi ɗage, ya saki tafasasshen ruwa. Tabon ko gezau. Ya sa sabulu ya cuɗa har jijiyoyin hannunsa suka tashi. Ya zuba bilic, abin da bai taɓa yi wa wannan rigar ba. Da gaske yake wankin, ba wasa ba, don hannunsa bai iya wankin ƙarya ba, kuma can ƙasan ransa wani ɓangare nasa na fatan ya ci nasara. Tabon ya zauna yana kallonsa.

Wani direban tasi ya ce, "To amma ƙwayar nan ba fara ba ce? Ta yaya farin abu zai yi baƙin tabo?"

"Kai dai ba ka da ilimi," in ji tela. "Ƙarfin ke nan. Waje fari, aikin yana ciki. In da tana nuna kanta tun daga waje, ai da kowa ya gane."

Jama'a suka gyaɗa kai, magana ta zauna. Malamar makarantar nan ce ta fara juyawa ta nufi kemis, sai layin gaba ɗaya ya bi ta, masu baƙin leɓe da masu baƙin harshe, kowa na cewa a ba shi irin ta Yayan Fes. Mai kemis ta tsaya a ƙofa ta tare da hannu. Ta dubi rigar ta saman tabarau, ta dubi Fes, kallo mai tsawo, har ya kawar da kai. Sannan ta ce, "Ba alewa ba ce. Ba wanda zan ba sai na auna shi, wanda na ga jininsa ya hau kuma takarda zan ba shi ya je asibiti. Ku yi layi, kowa ya naɗe hannun riga." Mutanen da shekara goma ana roƙonsu su auna jini suna ƙi, sai ga su suna faɗa a kan wa ya riga wa.

Ana cikin haka Yaya ya iso, matarsa na biye da shi. Labari ya same shi a gida. Yana tafe a miƙe kamar kullum, amma Fes ya lura da yadda yake taka ƙasa a hankali, da yadda idonsa ɗaya ya yi ja. Mutane suka buɗa masa hanya.

Ya wuce kai tsaye wurin bokitin. Ya ɗauki rigar daga bakin bokiti, ya ɗaga ta a rana. Ya juya ta ciki, ya ga tabon ya ratsa har baya. Ya kankara da farce. Ya lasa yatsa ya murza. Fes ya kafa masa ido, don bai taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ta wuce ba tun yana yaro.

"Ka sa ruwan zafi?" in ji Yaya.

"Na sa, Yaya."

"Daga sama?"

"Daga sama."

"Bilic fa?"

"Har shi."

"Ƙwaya ɗaya ce ta yi wannan?"

"Ɗaya tak."

Yaya ya ƙura wa tabon ido, irin kallon da yake yi wa fasinjan da ya raina sai kuma ya fito da tikitin babban aji. "Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe aiki take yi ba ta surutu." Ya juya ga matarsa. "Ke, ƙwayoyin nan da na zubar..."

Kafin ya rufe baki suna tafin hannunsa. Tela ya kawo ruwa a kofi. Yaya ya ɓalle ɗaya, ya ɗaga ta sama jama'a su shaida, ya jefa a baki ya kora. Fes bai ga komai a duniya ba a lokacin sai maƙogwaron Yaya, yadda ya hau ya sauka. Ya dafa teburin guga ya sunkuya.

Yaya ya ga haka, ya fahimce shi a yadda ya fahimta. Ya matso ya dafa masa kafaɗa, ya yi magana da muryar nan tasa ta cikin jirgi, wadda ake ji daga wannan tarago zuwa wancan.

"Kada ka sa a ranka, ƙanena. Kowa da iyakarsa. Ni dama na daɗe da lura hannunka ya fara sanyi, ban dai faɗa ba ne don kada ka ji ciwo. Mutumin da ƙwaya za ta wuce shi a aljihu, ai shekaru ne suka zo." Ya ninke rigar ya saƙala a hammata. "Daga yau kada ka wahalar da kanka da fararen kayana. Akwai masu wankin inji a bayan tasha, can zan riƙa kaiwa. Kai ka ji da masu kala, su ba sa tona asiri."

Wani ya yi dariya a baya. Direban tasi ya ce ashe Fes ɗin ma suna ne kawai. Matar Yaya ta buɗe baki za ta yi magana, Fes ya girgiza mata kai kaɗan, ta rufe, idonta ya kawo ruwa.

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba, a gaban layin da ya shekara talatin da ɗaya yana ɗaga kai a cikinsa. Kuma a tsakiyar kunyar nan farin ciki ne fal a ransa, har yana tsoron kada ya fito a fuskarsa ya ɓata komai. Ya sunkuyar da kai yadda ya kamaci wanda aka kayar.

"Haka ne, Yaya," ya ce. "Gobe ma za ka sha?"

"Kullum," in ji Yaya. "Abin da ya kayar da kai ai ba abin wasa ba ne."